JERA KAYA MA ILMI NE

Kowace shekara, da zarar kaka ta yi, manyan motoci su kan cika hanyoyinmu ɗauke da hatsi da wake da riɗi da albasa, waɗansu sun nufi kasuwar Dawanau a Kano, waɗansu Ikko, waɗansu kuwa har bakin teku inda jiragen ruwa ke jira. Manomi ya sha rana, ɗan kasuwa ya zuba jarinsa, direba ya kwana bisa hanya, amma sau da yawa ribar dukansu ta kan zube a tsakanin sito da mota, don kawai wanda ya jera kayan bai san yadda a ke jerawa ba. Buhu ya fashe, kwali ya lotse, jeri ya rushe ya danne lebura, mota ta kife a kwana, sa'an nan a taru a ce ƙaddara ce. Gaskiya ne kome da ƙaddara, amma fa an umurce mu mu ɗaure raƙuminmu tukuna kafin mu yi tawakkali.

Mutane da yawa sun ɗauka jera kaya aikin ƙarfi ne kurum, wanda ba ya bukatar tunani. Wannan kuskure ne babba. Fataken dā da ke zuwa Gwanja ba su taɓa yi wa wannan sha'ani riƙon sakainar kashi ba. Madugu ba ya barin ayari ya tashi sai ya ga mangala ta zauna daidai a bayan kowane jaki, dama ba ta rinjayi hagu ba, huhun goro kuma ya ɗauru yadda ya kamata, gama ya san in kaya suka karkata, jaki zai ji ciwo, goro zai lalace, ayari duka kuma zai tsaya. Yau jaki ya ba mota wuri, mangala ta ba dandamalin katako wuri, amma dokar nauyi tana nan yadda Allah Ya halitta ta. Saboda haka na ga ya kyautu mu tattauna wannan al'amari da masu karatu, musamman 'yan kasuwa da masu sito da shugabannin 'yan dako.

ABIN DA DALAR GYAƊA TA KOYA MANA

Mu mutanen Arewa ba baƙi ba ne wajen wannan sana'a, gama duniya duka ta san mu da ita. Hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka buɗe ta ga 'yan kasuwa cikin 1912, nan da nan cinikin gyaɗa ya bunƙasa. Daga Kano zuwa Ikko tafiyar mil 700 ce, hanyar kuma guda ɗaya ce tak, saboda haka gyaɗar da a ke saye cikin watanni kaɗan na kaka ta kan fi ƙarfin taragun da za su kwashe ta. Abin ya fi tsanani bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da kawunan jirgi da taragu suka yi ƙaranci, har gyaɗar bara ta kan tarad da ta bana tana jiran jirgi. To, ina za a zuba ta? Ba sito a ƙasar nan da zai ɗauke ta. Wannan larura ita ce ta haifi dalar gyaɗa, wadda a ka fi haɗa sunanta da Alhaji Alhassan Ɗantata, attajirin nan da ya rasu cikin 1955.

Dala guda ta kan ci har buhu 15,000. A dubi wannan adadi da kyau, sa'an nan a tuna ba inji ba ne ya jera su, mutane ne da kawunansu da kafaɗunsu, suna hawa bisa buhuna kamar matakala. Me ya hana ta rushewa? Abu uku ne. Na fari, gindinta ya fi ko'ina faɗi, kowane hawa kuma ya kan ja ciki kaɗan daga na ƙarƙashinsa, don haka nauyi duka ya kan koma tsakiya. Na biyu, ba a ɗora buhu daidai bisa ɗan'uwansa, sai a giciye, yadda kowane buhu zai danne biyu ya riƙe su, kamar yadda magini ba ya barin gaɓar bulo ta sama ta faɗa daidai bisa gaɓar ta ƙasa. Na uku, siffar dala ta kan sa in an lulluɓe ta da tamfol ruwan sama ya gangare, bai sami wurin kwanciya ba.

Duk da haka dalar ta koya mana darasi mai ɗaci. Da gyaɗa ta riƙa daɗewa a jere, sai wani ƙwaro da masana ke kira tirogodama ya shige ta, ya yi ɓarna ƙwarai a ƙarshen shekarun 1940. Irin wannan damuwa ce ta sa cikin 1948 a ka kafa ma'aikatar binciken kayan ajiya ta Afirka ta Yamma, wadda daga baya ta zama cibiyar binciken ajiyar amfanin gona ta Nijeriya, mai babban ofishi a Ilori da reshe a Kano. Watau ke nan tun wancan zamani an gane tsayuwar jeri kaɗai ba ta isa ba, sai an bar hanyar da za a zagaya shi a duba, a kuma yi masa magani.

Cikin shekarun 1960 Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen fitar da gyaɗa. Farin da a ka yi a farkon shekarun 1970, da cutar da ta auka wa gyaɗa cikin 1975, da kuma komawar hankalin ƙasa ga man fetur, su suka kwantar da wannan ciniki, dala ta ɓace daga Ƙofar Mazugal da sauran wurare. Dalar ta tafi, amma bai kamata ilminta ya bi ta ba.

ASALIN DANDAMALIN KATAKO

Abin da ya maye gurbin dala a manyan sito na yau shi ne wani ɗan dandamali na katako da Turawa ke kira falet. Faffaɗan abu ne, an jera alluna a sama, an sa gutattsarin katako a ƙasa domin ya ɗaga daga ƙasa kaɗan, a sami kafar da wata 'yar mota mai yatsu biyu na ƙarfe za ta zura yatsunta ta ɗaga shi duk da kayan da ke kansa. Inda ba mota, akwai amalanke mai yatsu wanda mutum ɗaya ke iya ja. Sojan Amurka su suka yaɗa amfani da shi lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da suka ga ba su da isassun hannuwan da za su riƙa ɗaukar akwatuna ɗaya ɗaya daga jirgi zuwa gaɓa.

Bayan yaƙi sai kwantena ta zo. Ran 26 ga Afrilu 1956 wani mai motocin haya na Amurka, Malcom McLean, ya ɗora manyan akwatunan ƙarfe 58 bisa wani jirgin ruwa mai suna Ideal X daga Newark zuwa Houston. Daga ran nan sha'anin sufuri ya sake kama. Cikin 1961 kuma ma'aikatun jiragen ƙasa na Turai suka haɗa kai suka tsai da awo guda na dandamali, tsawo santimita 120, faɗi santimita 80, domin wanda a ka yi a Jamus ya shiga taragon Faransa ba gardama. Shi wannan na Turai nauyinsa wajen kilo 25 ne, an kuma yi shi ya ɗauki kilo 1,500. Akwai wani mai santimita 120 da 100, shi ma ya yaɗu ƙwarai. Na Amurka kuwa inci 48 ne da 40.

Kada mai karatu ya ce wannan labarin Turawa ne, ina ruwanmu. An buɗe tashar kwantena ta tudu a Kaduna cikin 2018, ta Dala a Kano cikin 2023, ta Funtuwa kuma cikin 2024. Ma'anar wannan ita ce, riɗi da zoɓo da citta da fata da za su ƙetare teku a nan gida za a iya cusa su cikin kwantena a rufe, ba mai sake buɗewa sai a ƙasar da za su. In an jera su da kyau a Kano, da kyau za su isa. In an yi ganganci, ba mai gyarawa a hanya.

Akwai kuma wata doka da ya kamata kowane mai fitar da kaya ya sani. Tun 2002 ƙasashen duniya suka amince cewa katakon da za a ƙetare iyaka da shi a matsayin dandamali ko akwati tilas a kashe ƙwarin da ke cikinsa tukuna. Hanyar da a ka fi bi ita ce a gasa shi har zafin cikin zuciyarsa ya kai digiri 56, ya daɗe haka minti 30, sa'an nan a buga masa hatimi mai haruffa HT. In an turara shi da gubar nan mai suna metil buromaid, haruffan MB a ke bugawa. Kayan da suka isa bisa katako marar hatimi ana iya tsare su a tasha, ko a komo da su, hasara kuwa ta mai kaya ce.

KAFIN A ƊORA KOME

Ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da za a fara yi shi ne a duba dandamalin kansa. In allo ya tsage, ko gungumen ƙasa ya fita, ko ƙusa ta ɗago kai, ko gara ta ci shi, ko ya jiƙe da mai, a ture shi gefe. Ƙusa guda da ta ɗago ta isa ta farke buhun ƙasa, buhun ƙasa kuwa in ya tsiyaye, duk na samansa za su karkata su bi shi. Mutum ya ƙi sayen allo guda, ya yi hasarar ton guda, wannan ba tattali ba ne.

Na biyu, a yi lissafi. Dandamalin da a ka yi don kilo 1,500 buhu 30 ne iyakarsa in kowane buhu kilo 50 ne. Wanda ya ɗora 40 don ya ga akwai sauran wuri a sama, ya ƙara masa rabin ton ke nan bisa abin da zai iya. Yana yiwuwa ya jure yana ajiye a ƙasa, amma da zarar yatsun mota sun ɗaga shi, a nan zai nuna.

Na uku, a shimfiɗa kwali ko takarda mai kauri bisa allunan, domin kada buhu ko kwali ya lotsa cikin tazarar da ke tsakaninsu.

BUHU DABAM, KWALI DABAM

A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, gama sun ɗauka duk kaya jeri ɗaya a ke yi musu. Buhu ba shi da ƙashi, ƙarfinsa yana cikin kama juna. Saboda haka a giciye a ke jera shi. Bisa dandamali mai santimita 120 da 100, ana iya kwantar da buhu irin na siminti guda biyar a hawa ɗaya, uku a tsaye biyu a kwance. A hawa na biyu sai a juya, biyun su koma inda ukun su ke. Haka za a yi ta yi har sama. Bakin buhu, watau wajen ɗinki, ciki zai duba, domin in ɗinkin ya saki, 'yan'uwansa su tare shi. A kuma bubbuga kowane buhu ya kwanta sosai kafin a ɗora wani. A lura, buhun leda na zamani ya fi buhun algarara na dā santsi nesa, don haka ba ya jure tsawon jerin da na dā ke jurewa.

Kwali kuwa ƙarfinsa yana kusurwoyinsa huɗu, su ne ginshiƙansa. In an ɗora kusurwa bisa kusurwa, nauyi ya kan bi ginshiƙan nan ya sauka har ƙasa lafiya. In kuwa an giciye shi kamar buhu, kusurwar na sama ta kan faɗa tsakiyar na ƙasa inda ba shi da ƙarfi, har ya kan rasa kusan rabin ƙarfinsa. Saboda haka hawa na ƙasa, waɗanda ke ɗauke da nauyi duka, a jera su kusurwa bisa kusurwa. In ana tsoron jerin zai buɗe, sai a giciye hawa ɗaya ko biyu na can sama, ko a shimfiɗa takarda mai kauri tsakanin hawa da hawa. A kuma tuna kwali abokin gaban laima ne. Wanda ya tsaya ƙyam cikin hunturun Kano, in ya isa Ikko da damina ya sha danshi, sai ya yi laushi kamar ba shi ba.

Ban da wannan akwai ƙa'idodi da suka haɗa buhu da kwali da garwa duka. Mai nauyi a ƙasa, marar nauyi a sama. Kada kome ya leƙo waje da bakin dandamali, ko da faɗin yatsa biyu ne, gama abin da ya leƙo ba shi da abin da ya tokare shi, shi ne kuma zai fara gogar bango ko jikin mota. Kada kuma a tattara kaya a tsakiya a bar gefe fili mai yawa, gama za su sami wurin zamewa. Saman jeri ya zama shimfiɗaɗɗe. Ga wani abin mamaki: siffar dala da ta yi mana amfani a fili ba ta da kyau bisa dandamali, domin ba a iya ɗora wani a kanta, 'yan kwalayen da ke can ƙoli kuma su ne ke fara faɗowa. Game da tsawo, in da hannu a ke jerawa, kada ya wuce inda mutum zai kai yana tsaye da ƙafafunsa a ƙasa. Duk jerin da sai an yi ɗage ko an taka wani abu kafin a kai ƙarshensa, ya yi tsawo.

ƊAURI

Tsintsiya sai da ɗauri ta ke shara. Manufar ɗauri ita ce kaya da dandamali su zama abu guda. Yanzu an fi amfani da wata leda mai miƙewa wadda a ke naɗewa da ita. Kuskuren da a ka fi yi shi ne a naɗe kayan kaɗai a bar katakon, sai ka ga kaya sun ɗauru tamau amma sun zame gaba ɗaya sun bar dandamalin a baya. Daga ƙasa a ke farawa, a kama katakon da hawa na fari tare, a zagaya sau uku ko huɗu, sa'an nan a riƙa hawa, kowane zagaye ya rufe rabin wanda ya gabace shi, a ja ta da ƙarfi har sama, a sake gangarowa. Kaya masu nauyi kamar garewani da buhunan siminti suna bukatar ɗamara mai faɗi wadda za ta bi ta ƙarƙashin alluna. A sa kwali mai kauri a kusurwa domin kada ɗamarar ta yanke kayan.

Amma fa ba kowane kaya ke son leda ba. Albasa da dankali da tumatir da barkono ɗanye suna numfashi, in an toshe su cikin zafin ƙasarmu sai su yi gumi su ruɓe. Irin waɗannan da raga ko ɗamara a ke ɗaure su. Masu tumatir da ke lodi daga Kwanar Gafan zuwa Ikko sun ga bambancin kwando da akwatin roba: kwando in an ɗora wani a kansa tumatir ne ke ɗaukar nauyin, akwatin roba kuwa bakinsa ne ke ɗauka, abin da ke ciki yana hutawa.

A CIKIN MOTA DA KWANTENA

Akwai wata magana da a ke yawan ji a tasha, wai kaya masu nauyi ba sa bukatar ɗauri, nauyinsu ya isa ya riƙe su. Wannan magana ta kashe mutane. Sa'ad da mota ke gudu, kayan da ke cikinta su ma gudu su ke yi. In direba ya taka birki, mota ce ta tsaya, kayan ba su da birki. Ƙa'idar da injiniyoyin Turai ke aiki da ita ta ce a ɗauka kaya za su iya turawa gaba da ƙarfin da ya kai kashi 8 cikin 10 na nauyinsu, gefe da baya kuwa rabin nauyinsu. Watau lodin ton 10 yana iya tunkarar bayan direba da ƙarfin ton 8. Wace igiyar rama ce za ta tare wannan?

Saboda haka a fara lodi daga gaba, a manna dandamali na fari da allon gaban bodi, na biyu ya manne da na fari, haka har baya. Duk inda fili ya ragu a cike shi da dandamali wofi ko katako, domin kayan da suka sami taki guda na gudu sun fi wuyar tarewa. A raba nauyi daidai tsakanin dama da hagu, kamar mangalar jaki, a kuma raba shi bisa ƙafafun mota duka. Nauyi in ya taru a baya, gaban mota ya kan yi sakayau, sitiyari ya ƙi jin magana. In ya taru a sama, mota ta kan kife a kwanar da wata za ta wuce lafiya. Bayan an yi 'yar tafiya kaɗan, direba ya tsaya ya sake jan ɗamara, gama buhuna su kan zauna, ɗauri ya saki.

Kwantena mai ƙafa 20 ta kan ci dandamali 11 irin na Turai, ko 10 na mai santimita 120 da 100. Ƙa'idar cusa kaya a kwantena da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar cikin 2014 ta yi gargaɗi kada fiye da kashi 60 cikin 100 na nauyi ya taru a rabin tsawonta, kada kuma filin da ya ragu tsakanin kaya, in an haɗa shi duka, ya wuce santimita 15. Tun 1 ga Yuli 2016 kuma ba a yarda a ɗora kwantena bisa jirgin ruwa ba sai mai kaya ya ba da tabbataccen nauyinta. A tokare kayan da ke bakin ƙofa sosai, domin wanda zai buɗe ta a wata ƙasa shi ma ɗan wani ne, uban wani.

Ba zan bar wannan babi ba sai na ambaci wata al'ada da ta zama ruwan dare, watau ɗaukar mutane bisa lodi. Ka ga tirela ta cika da buhuna ko shanu, ga kuma samari ashirin ko talatin zaune can ƙoli don neman arahar kuɗin mota. Su ne abin da ya fi kome tsawo a motar, su ne kuma abin da ba a ɗaure ba. Hukumar kiyaye haɗarin hanya, wadda a ka kafa cikin 1988, ta sha yin gargaɗi bisa wannan, amma aikin ba nata ba ne ita kaɗai. Shugabannin tasha da iyaye da malamai duka suna da baki a ciki.

A CIKIN SITO

Amfani na fari da dandamali ke yi a sito shi ne raba kaya da ƙasa. Daɓen siminti, ko ya bushe a ido, yana tsotso danshi daga ƙasa ya miƙa wa buhun da ke kansa. Danshi ke kawo fumfuna, fumfunar gyaɗa da masara kuwa tana haifar da wata guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talotalo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda cin tunkuzar gyaɗa da a ka kawo daga Barazil. Gubar nan tana lalata hanta, dafuwa kuma ba ta kashe ta. Saboda haka kada a jera hatsi sai ya bushe sarai: masara danshinta kada ya wuce kashi 13 cikin 100, ɓararriyar gyaɗa kuwa 7 ko 8. Wanda ba shi da halin sayen dandamali, ya jera sanduna masu kauri a giciye, sun fi babu.

Kada a jingina jeri da bango. A bar tazarar mita guda tsakanin kaya da bango, da tsakanin jeri da jeri, da kuma tsakanin ƙolin jeri da rufi. Ta nan iska za ta bi, ta nan mai sito zai zagaya ya ga kashin ɓera ko garin da ƙwari suka zubar, ta nan kuma za a ja tamfol in za a turara magani. Bango ma ba a gina shi don ya tare ton ɗari daga gefe ba. In an sa ƙwayar maganin nan mai fitar da iska mai guba, kada kowa ya kwana a ɗakin ko a ɗakin da ke manne da shi, gama iskar da ke kashe ƙwaro tana kashe mutum.

Wanda ya fara shiga shi zai fara fita. A rataya kati a jikin kowane jeri, a rubuta ranar da ya shigo da adadinsa. In za a ɗiba, daga sama a ke ɗiba hawa hawa, ba a zare buhu daga ƙasa ko daga tsakiya. In za a ɗora dandamali mai kaya bisa wani, sai an tabbata na ƙasa zai iya, ƙasan wurin kuma a miƙe ta ke. Jerin da ya fara karkata ba a tokare shi a ce gobe, a sauke shi a sake tun yau. Dandamali wofi a kwantar da shi, kada a jingina shi a tsaye inda zai faɗo wa yaro, kada kuma a tara su da yawa kusa da kaya, gama busasshen katako mai kafofin iska abincin wuta ne.

A raba abinci da takin zamani da maganin ƙwari da man fetur, kowanne da ɗakinsa. Ran 4 ga Agusta 2020 wajen ton 2,750 na sinadarin amoniyam naitaret, wanda a ke yin taki da shi, ya fashe a tashar jiragen ruwa ta Beirut bayan ya shekara shida a wani sito ba kula, mutum fiye da 200 suka hallaka. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

HAKKIN MAI ƊAUKA

Daga ƙarshe, a tuna da lebura. Shi ne ke ƙarƙashin jeri sa'ad da zai rushe, shi ne kuma ba ya cikin lissafin riba. In ana biyansa bisa yawan buhun da ya ɗauka, tilas ya yi gaggawa, gaggawa kuwa ita ce uwar karkataccen jeri. Mai kaya da ya ƙara wa 'yan dako rabin sa'a don su jera da kyau, kansa ya yi wa. A koya musu su durƙusa su ɗaga da ƙarfin cinya maimakon su sunkuya su ɗaga da gadon baya, kada su tsaya ƙarƙashin kayan da mota mai yatsu ta ɗaga, kada kuma a bar wanda bai koya ba ya tuka ta.

Ina kuma roƙon 'yan'uwana malaman makaranta su shigar da wannan cikin darasin lissafi. Maimakon a riƙa ba yara lissafin abin da ba su taɓa gani ba, a tambaye su buhu nawa dandamali zai ɗauka, dandamali nawa kwantena za ta ci, ton nawa ke nan duka. A kawo akwatunan ashana cikin aji su jera da hannunsu, su girgiza tebur, su ga wane jeri ne ke tsayawa. Da yawa daga cikin yaran nan su ne masu sito da direbobi da 'yan kasuwan gobe, icce kuwa tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

Kakanninmu sun jera buhu 15,000 da hannu ya tsaya shekara guda a fili. Abin kunya ne a ce mu da mu ke da inji da sikeli da leda mu kasa jera talatin su kai Ikko lafiya. In kunne ya ji, jiki ya tsira. Allah Ya kiyaye mana dukiyarmu da rayukanmu, amin.